Shafi Bakwai na Goggo

Shafi bakwai kacal Goggo ta taɓa rubutawa daga kanta a duniya, ni kuma na zubar da su a shara. Bari in faɗi wannan tun da wuri, don kada wani ya ji ana ce mini Malam ya ɗauka da mai hankali yake magana.

Goggo yayar babana ce. Fiye da shekara talatin ta yi tana buga tafireta a shagon mijinta, wanda duk layinmu ke kira Baba Mai Gam. Shi aikinsa ɗinkin littattafai. A kawo masa littafin da ya zama ganye-ganye, ya jera shafukan, ya ɗinke gindin da allura da zare, ya shafa gam, ya yi masa bango da kwali da ƙyalle, sannan ya danne shi tsakanin katako biyu ya ɗora dutse. Ban da ɗinki, suna da kanta uku na littattafan aro. Mutane su ɗauka su karanta su dawo da su, wani da tabon mai, wani da zanen yara, wani kuma shafi biyu sun bi iska.

A nan aikin Goggo yake shigowa. Dokar shagon guda ce: littafi ba ya komawa kan kanta da giɓi. In shafi ya ɓace, sai ta aro irin littafin a wurin wani, ko ta taka da ƙafarta zuwa ɗakin karatu na gari ta kwafo, ta dawo ta buga a farar takarda, ta yanke daidai girman littafin, Baba Mai Gam ya ɗinke a gurbin. Tafiretar ba ta da haruffa masu lanƙwasa, don haka in ta gama sai ta bi layi-layi da alƙalami tana yi wa kowane harafi tasa lanƙwasar, harshenta a tsakanin haƙora. Duk mai aro a shagon ya saba. Kana cikin karatu sai ka faɗa shafin Goggo, fari tas, ka karanta ka wuce ba tare da ka yi tuntuɓe ba. Ba wanda ya taɓa kama ta da kuskure, kuma ba wanda ya taɓa ce mata sannu.

Teburinta ƙofa yake kallo. Rana na dukan idonta, hayaƙin motoci na shigowa, Baba Mai Gam ya yi ya yi ta juya shi ya kalli bango, ta ƙi. Maƙwabta suka ce son ganin ƙwaƙwaf ne. Ita dai yatsunta na kan aiki, idonta na kan titi, don ba ta buƙatar kallon haruffa in tana bugu.

Ina da shekara goma aka kawo ni wurinta. Babana ya tafi neman aiki wani gari mai nisa, ya aiko wasiƙa biyu, daga nan shiru. Mahaifiyata ta koma wurin iyayenta da ƙannena, ni aka bar wa Goggo. Nan na sama wa kaina sana'a: zama a dakalin ƙofar shago ina kallon inda motar haya ke sauke mutane. Duk namijin da ya sauko da jaka sai na miƙe tsaye. In na gaji da miƙewa in ɗauko littafi. Cikin shekara guda na cinye kanta ukun nan, har Goggo ta sa mini suna Gara, sunan da ya biyo ni har yau da furfura ta cika mini gemu.

A cikin su duka akwai wani da Baba Mai Gam ya yi wa koren bango, muke kiransa koren littafi. Wata rana na miƙa hannu zan ɗauka, Goggo ta ce in bari, yana da giɓi, sai jibi. Jibi ta ba ni shi. Labarin wani yaro ne da ubansa ya hau jirgin ƙasa ya tafi, shi kuma kullum yana zuwa tasha jira. Ban taɓa karanta abin da ya kama ni haka ba. Shafi bakwai na ƙarshe na Goggo ne, farare, masu lanƙwasar alƙalami, ban ko damu ba tunda haka aka saba. A cikinsu jirgi ya iso, kowa ya sauka, uban bai sauko ba. Yaron ya zauna har tasha ta watse. Sai wata mai shara ta zo ta ce ya ɗaga ƙafa za ta share. Ya ɗaga. Da ya ga ƙafar ta riga ta bar ƙasa, sai ya miƙe ya tafi gida, ya tarar da uwarsa tana fama da ƙyauren da ya shekara a karkace, ya riƙe mata ta buga ƙusa. Sannan ya zauna ya ci abinci.

Na yi kuka a bayan kanta har majina. Washegari ban zauna a dakali ba, kuma ban ƙara zama ba.

Daga nan fa na ɗauki marubucin koren littafi na ɗora a ka. Saboda shi na karanta adabi, saboda shi na zama malamin sakandare. Shekara ashirin da shida ina koyarwa, kuma duk ajin da ya ratsa ta hannuna sai ya ji labarin mai shara. Littafin ba ya cikin manhaja, amma ni ina ruwana. Sai in rufe ido in ɗaga yatsa in ce: “Ku duba jarumtar marubuci! Ƙaramin marubuci da ya dawo da uban. Wannan kuwa ya san rayuwa.” Yara har sun haddace inda nake tsayawa in ja numfashi, wasu ma suna riga ni ja.

Goggo kuwa, a wurina mai bugu ce kawai. Ina sonta, ina kai mata gaisuwa, amma in maganar littafi ta taso sai in yi mata irin murmushin da ake yi wa yaro. Na taɓa ce mata a gaban abokaina: “Goggo ai ta fi kowa taɓa littafi, karantawa ce dai ba ta samu lokaci ba.” Aka yi dariya. Ita ma ta yi, ta ce: “Haka ne, Gara. Ku ne masu karatu.” Ta zuba mana shayi.

Akwai wata ɗaliba mai tabarau da ke zama a layin gaba, wadda har gobe in na tuna ta sai na ji zufa. Bayan na gama wa'azin mai shara, ta ɗaga hannu ta ce: “Malam, na samu littafin a gidan kawuna na karanta, amma ni a nawa uban ya dawo.” Na kalle ta sama da ƙasa. Na ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ba kyau mutum ya ce ya karanta abin da bai karanta ba. Yarinya ta sunkuyar da kai, aji ya yi tsit, ni kuma na ji daɗin kaina. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Koren littafin yana hannuna tun rasuwar Baba Mai Gam, lokacin da aka rufe shago aka raba kaya. Shekarar da aka ba ni shugabancin sashe muka tashi zuwa gida mai falo, na sa kafinta ya yi mini kanta mai gilashi. Na jera littattafai masu sheƙi, na saka koren a tsakaninsu, sai na ga ya ɓata layi. Bangon ya koɗe, gam ya yi baƙi, yana warin shago. Na je na sayo sabon bugu mai hoton jirgi a bango, na kafa shi a gurbin, ko ledarsa ban cire ba. Me zan karanta a ciki, ni da na haddace? Tsohon kuma na jefa shi cikin buhun tsofaffin takardun jarrabawa. Matata ta ciro shi ta ce: “Wannan ba na gidan Goggo ba ne?” Na ce an sami sabo. Ta ce: “Ka tabbata?” Na ce mata aikin littafi ta bar wa masu shi. Mai kwasar shara ya zo ya ɗauki buhun. Yau shekara goma sha biyu ke nan.

Bara idon Goggo ya tafi gaba ɗaya. Likita ya ce ba abin da za a yi. Babbar 'yarta, wadda muke kira Nas saboda aikinta, ta yanke shawarar ɗauke ta ta koma da ita garin da take aiki, tafiyar yini guda a mota. Aka sa rana, Asabar ta ƙarshen wata. Da na je gaishe ta, na same ta a kujerarta kusa da taga, hannuwanta a cinya, yatsun suna ɗan motsi su kaɗai.

Ta ce: “Gara, kai da kake da baki, zo ka riƙa yi mini karatu kafin a kwashe ni. Na shagonmu nake so, ba naku na masu ilimi ba.”

Na ji daɗi ƙwarai. Na ce a raina, bari yau in shigar da Goggo duniyar adabi. Kullum in an tashi daga makaranta sai in biya da littafi a hammata.

Na fara da wanda na fi so bayan koren, labarin wani jarumi mai kama ɓarayi. Ina yaro har tafiyarsa nake kwaikwaya. Yanzu da na buɗe, sai na tarar da wani sarkin surutu da ba ya bari kowa ya gama magana, ga raina mutane, ga yabon kai. Na kai shafi na arba'in ina jin kunya kamar ni na rubuta. Goggo ta ce: “Wannan ai tun da can haka yake. Matarsa ce mai hankalin, ita ta gane ɓarawon tun a babi na uku, ka koma ka duba.” Na koma na duba. Haka ne.

Muka ɗauko na soyayya, wanda na taɓa kwafar wasiƙu daga ciki ina aika wa wata. Shi kam ya mutu murus. Kowane shafi sai an yi kuka, kowane kuka sai an kira wata da taurari shaida. Goggo ta yi dariya har da tari. Ta ce: “Shafi na sittin da biyu sau huɗu na buga shi. 'Yan mata ke yagewa su ɓoye.” Amma wani ɗan siriri da na raina ina yaro, labarin tsoho da akuyarsa, shi ne ya tashi da rai. Na karanta ina mamakin yadda aka yi ya ƙara kyau a kan kanta ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Na faɗa wa Goggo haka, da kalmomi masu nauyi. Ta ce: “Littafin yana nan yadda yake. Kai ne ka kusa kai shekarun mai akuyar.”

A hankali na gane cewa babu littafin shagon nan da ba ta sani ba ciki da bai. Ashe kafin ta buga shafi guda sai ta karanta littafin duka, wai don kada hannunta ya shiga maganar mutum bai san shi ba. Na ce: “Goggo, me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?” Ta ce: “Wa ya tambaye ni?”

Ranar Litinin ta makon ƙarshe ta ce: “Saura koren. Shi nake so in ji kafin Asabar. Yana nan ko?”

Na ce: “Yana nan.” Ban yi ƙarya duka ba. Na koma gida na ciro sabon, na yage ledar da ta shekara goma sha biyu, na kawo. Ta karɓa ta shafa bangon, ta kai hanci ta shinshina, ta miƙo mini. Muka fara. Gaskiya littafin ya ɗan tsufa, akwai wuraren da marubucin ke jan magana kamar an ce kada ya tsaya, amma yaron na nan da ransa, tashar ma na nan. Litinin, Talata, Laraba, muna ci gaba.

Ranar Alhamis ina ofis ba ni da aji, na ce bari in leƙa ƙarshen in gyara murya, don in karanta mata shi yadda ya kamata. Na buɗe. Jirgi ya iso. Ƙofa ta buɗe. Sai ga uban ya sauko da akwatuna shida da agogon zinariya, wai ya yi hatsari ne ya manta sunansa, yanzu ya tuna, kuma ya yi arziki. Aka rungume juna, aka yi kuka, aka yafe wa kowa. Ba mai shara, ba ƙyaure.

Abin da na fara yi shi ne fushi da masu buga littafi. Na ce sun lalata aikin mutum don kasuwa. Na bar makaranta ba izini na tafi ɗakin karatu na gari, na sa ma'aikacin ya tono mini bugun farko daga sito. Ya kawo shi da ƙura. Na buɗe ƙarshe: akwatuna shida, agogon zinariya. Na zauna a kujerar yara, don ita ce kusa. Ma'aikacin ya ce: “Malam, lafiya?” Na ce lafiya lau.

A wannan kujera na yi lissafin kaina. Jarumin marubucin da na shekara ashirin da shida ina yi wa kirari bai taɓa sanin mai shara ba. Yarinya mai tabarau gaskiya ta faɗa. Wadda ta rubuta abin da ya tashe ni daga dakali ita ce matar da na ce ba ta samu lokacin karatu ba. Kuma kwafi ɗaya ne a duniya, ni na sa shi a buhu da hannuna, matata tana tambayata ko na tabbata. Inda ya rage kawai shi ne cikin kaina, kan da ya riga ya nuna irin amanarsa.

Ranar Juma'a na iso gidan na tarar Nas ta zo, ana ta ɗaure kaya a tsakar gida. Goggo na kujerarta. Na zauna, na karanta babin da ya rage har jirgi ya iso tasha. A nan na tsaya. In karanta akwatuna shida, na nuna mata na zubar da nata. In faɗi gaskiya, ban san ta inda zan fara ba. Sai na zaɓi hanyar matsorata: na riƙe littafin a buɗe, na kafa ido a kan shafi, na shiga kawo nata daga ka kamar karantawa nake.

Na ce: “Jama'a suka watse, tasha ta yi shiru irin shirun da ke ratsa ɓargon zuciya. Sai ga wata dattijuwa, wadda wahalar zamani ta rubuta tarihinta a goshinta, ta tunkaro shi da tsintsiyar ƙaddara a hannunta…”

Goggo ta ce: “Gara.”

“Na'am, Goggo.”

“Tun ɗazu ba ka juya shafi ba.”

Na dubi shafin da ke hannuna.

Ta ce: “Kuma wace ce tsintsiyar ƙaddara? Ni tsintsiya na ce. Mai shara ta zo da tsintsiya. Ina ka samo ɓargo?”

Na rufe littafin. Na faɗa mata komai, da kanta mai gilashi, da buhu, da yarinya mai tabarau. Na ce: “Goggo, ki yafe mini. Na zubar da shi, kuma sai jiya na san naki ne.”

Ta ce: “Tun Litinin na san ka zubar. Littafin Baba Mai Gam ko a cikin duhu na san warinsa. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Kwana biyu na yi ina buga shafukan nan, na yaga sun fi ashirin. Ban sa takardar kabon ba, don ban ɗauka abin ajiyewa ba ne. Da na ji kana faɗa wa ɗalibai, sai na ce to, ya sami wurin zama.”

“Me ya sa ba ki ce naki ba ne?”

“Da ka san na mai bugu ne, da ka kai shi aji?”

Mu biyun mun san amsar.

Sai ta ɗaga murya ta kira Nas, ta ce a kwance tafiretar daga cikin kaya. Nas ta ce: “Haba Inna, na riga na ɗaure ta.” Goggo ta ce wanda ya ɗaure ai ya iya kwancewa. Aka kawo, aka ɗora a kan teburin cin abinci, na saka takarda. Ƙyallen tawadar ya bushe, sai da Nas ta ɗiga masa ɗan mai kafin ya fara kamawa. Goggo ta ɗora yatsu, ta lalubi layin tsakiya, ta gyara zama.

Ta ce: “Ni na manta rabinsa. Kai kuma ka cika shi da kitse. Faɗo, in rage.”

Haka muka yi har rana ta sauka daga taga. In kawo jimla, ta tsaya ta saurara, ta ce: “Wannan nawa ne,” ta buga. In kawo wata, ta ce: “Wannan naka ne, mayar aljihu.” Duk inda na sa zuciya ta tsinke, ko hawaye suka kwaranya, ta cire. Wurin ƙyaure kuwa ni na tuna mata cewa uwar ce ta buga ƙusa, yaron riƙewa kawai ya yi. Ta tsaya da bugu ta ce: “Haka na sa? To, na kyauta.” Ban taɓa jin ta yabi kanta ba sai ranar. Da muka kai ƙarshe na ce: “Ya zauna ya ci abinci, cin da ke nuna sabuwar rayuwa.” Ta buga kalma biyar ta zare takardar. Shafi biyar da rabi muka samu. Ɗaya da rabi ya tafi, ba ni ba ita.

Ta ce: “Lanƙwasar kuma sai kai, ni ba ido.” Na ciro jan alƙalamin da nake yi wa yara maki, ta ce a'a, baƙi. Nas ta ba ni nata. Na duƙa ina bi layi-layi, sai na ji harshena a tsakanin haƙora.

Ina cikin yi na ce: “Amma Goggo, da kika ga shafukan sun ɓace, ai akwai littafin a ɗakin karatu. Jiya na gan shi. Me ya hana ki kwafo?”

Ta ce: “Wa ya ce maka sun ɓace? Ɗaga murfin akwatin tafiretar, akwai aljihu a ciki.”

Na ɗaga. A cikin aljihun akwai ambulan da ya yi ruwan ƙasa. Na buɗe, sai ga shafuka bakwai na ainihin littafin, gefensu a miƙe sumul, yankan reza. Ga akwatuna shida, ga agogon zinariya.

Ta ce: “Ranar da ka miƙa hannu za ka ɗauka, gabana ya faɗi. Na san abin da ke ƙarshensa. Yaro yana zaune a dakali yana miƙewa duk motar da ta tsaya, in ba shi littafin da zai ce masa ci gaba da zama, yana nan tafe da akwatuna? Da ka tsufa a dakalin nan. Na faɗa wa Baba Mai Gam, ya ce dokar shago ba a taɓa maganar mutum. Na ce dokar ta ce kada a bar giɓi, ni kuma ba zan bari ba. Sau ɗaya ke nan na yi, ban ƙara ba.”

Na juya shafukan a hannuna. Na ce: “To me ya sa kika ajiye su?”

Ta ce: “Don in babanka ya dawo in mayar.”

Nas ta bar ɗaurin da take yi. Ni kuma na kasa ɗaga kai.

Goggo ta ce: “Ƙanena ne fa, Gara. Ni na goya shi. Kai na samu na tashe ka daga ƙofa. Ni da nake ciki, ina ka ga teburina yake kallo?”

Shekara arba'in da biyu ina ba da labarin yaron da ya jira ubansa, ban taɓa tambayar ko akwai mai jira a bayana ba. Na yi kuka a gaban Nas, ban ji kunya ba. Goggo ta lalubo kaina ta dafa, kamar yadda take yi in zazzaɓi ya kama ni.

Da safe mota ta zo. An sa ta a gaba, an ɗaura mata bel, tafiretar na kan cinyarta don ta ƙi a sa ta a but cikin sauran kaya. Na miƙa mata ambulan ta taga. Ta shafa shi ta gane, ta turo mini.

Ta ce: “Riƙe. Yanzu kam ka iya zubarwa, kai da hannunka ya saba.”

Ban zubar ba. Na nemo allura da zare da kwali, na ɗinke shafi biyar da rabin nan a bayan sabon bugun, na bar na marubucin a inda suke, ambulan kuma na sa a tsakiya. Ɗinkin ya karkace, gam ya ɓata mini riga, da Baba Mai Gam na da rai da ya kore ni daga shago. Yana nan a kanta mai gilashi, ya ɓata layi.

Yarinya mai tabarau na sa an nemo mini lambarta. Yanzu ita ma malama ce. Na kira na ce mata uban ya dawo, ita ce da gaskiya. Ta ce: “Na sani, Malam. Amma naka ƙarshen ya fi daɗi.” Na ce ba nawa ba ne, na goggona ne, kuma tana da rai, in tana so in ba ta lambar Nas ta faɗa mata da bakinta.